Labarina na Hukumar Kula da Inuwa ya cije, a ba ni shawara

Dan_Rimin_Tsiwa:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wani gajeren labari na shaguɓe da nake ta fama da shi, ya zo tsakiya ya cije, shi ne na ce bari in kawo shi nan ko Allah zai sa a samu mai warware min.

Ga yadda yake a taƙaice. Wani ciyaman ne a wata ƙaramar hukuma da ban sa mata suna ba, kar a ce da wani nake. Lokacin kamfen ya rantse in ya hau babu wanda zai ƙara zaman kashe wando a garin. Toh Allah ya ba shi, ya hau, kullum matasa sun cika sakateriya da takardu a leda, ga ba masana'anta ba komai. Sai wani mai ba shi shawara ya ce ranka ya daɗe ai ga aiki nan a tsakar sakateriya, wannan rimin da ma'aikata ke zama a gindinsa kullum inuwarsa sai tafiya take ba mai lura da ita. Nan take aka kafa Hukumar Kula da Inuwa. Akwai sashen awo, su ne masu tef, duk bayan awa ɗaya su auna tsawon inuwa su rubuta a rajista. Akwai sashen matsar da benci. Akwai sashen tabbatarwa, su nasu kawai su zo su duba lallai an matsar da bencin su sa hannu. Sai sashen hasashe, masu rubuto rahoton inda ake sa ran inuwa za ta kai gobe da azahar, a buga hatimi a kai wa darakta. Kafin shekara ta zagayo kowa a gari ya samu aiki, har masu shayi da 'yan acaɓa sun koma ma'aikatan gwamnati, aka kira ciyaman aka ba shi lambar yabo.

Har zuwa nan rubutun gudu yake, ina yi ina dariya ni kaɗai. Daga nan ne ya kwanta. Na sa darakta ya zama mugu yana cinye alawus ɗin masu awo, sai wani saurayi mai digiri ya tashi ya tona masa asiri, aka rufe hukumar kowa ya tafa. Na karanta wa wani abokina a unguwar Kongo nan Zariya, ya ce wannan ai wasan wayar da kai ne irin na rediyo, ba gishiri.

Tambayata ita ce, mutanen da ba sa aikin komai kuma alat na shigowa ƙarshen wata, a kan me za su yi faɗa? Ni ban taɓa aikin ofis ba, ɗinki nake a Sabon Gari, mu namu faɗan a fili yake, wa ya ɓata yadin mutane, wa ya ɗauki almakashi bai dawo da shi ba. Dan Allah wanda ya yi aikin gwamnati ko na kamfani ya faɗa min yadda rigimar irin wannan wuri take tashi. Sannan ya zan ƙare shi?

Tsohon_Akawu:

Wa alaikumus salam. Ɗana na yi dariya har sai da jikata ta leƙo ta ga ko lafiya. Sashen tabbatarwa ɗin nan naka ba ƙirƙira ba ne, na zauna da su.

Abu na farko ka cire mugun daraktan nan, ko ka bar shi amma ka mai da shi mutumin kirki mai yawan sallama da tambayar iyali, don irinsu sun fi yawa. Kai kana ganin inda ba aiki ba za a yi faɗa ba, alhali nan ne gidan faɗa. A shagonku in an yi gardama wa ya fi iya ɗinki sai a ɗauko riga a duba, magana ta ƙare, aikin ne alƙali. To a ofishin da ba aiki ba abin da za a ɗauko a duba. Mutum ya yi shekara ashirin yana zuwa, in ya koma gida 'ya'yansa na ce masa sannu da aiki, shi kuma a ransa ya san bai ɗaga ko tsinke ba. Me ya rage masa da zai nuna shi wani ne? Kujera, makulli, hatimi, da sunan wa aka fara kira a mitin. A kan waɗannan za ka ga dattijo mai furfura yana huci.

Bari in ba ka kaɗan daga abin da idona ya gani a wani wuri da na yi aiki, ba zan faɗi suna ba. Muna da sito, ba komai a cikinsa sai tsofaffin fayil da gara ta ci da wani karyayyen fanka. Mutum biyu suka daina gaisawa a kan wa zai riƙe makullinsa, ɗaya ya ce shi ne sitokifa a takarda, ɗayan ya ce ya riga shi shiga aiki da wata bakwai. Har gidan juna suka daina zuwa suna da biki, matansu ma suka ɗauka. Da aka gaji aka sayo kwaɗo na biyu aka ƙara a ƙofar, kowa da nasa makullin, daga ranar sito bai ƙara buɗuwa ba sai in su biyun suna nan, kuma ba sa taɓa yarda su tsaya wuri ɗaya.

Muna da direba, motarsa tana kan duwatsu tun kafin a kawo ni wurin, taya ko ɗaya babu. Kullum da safe zai zo ya goge gilashi ya zauna a ciki ya kunna 'yar rediyonsa. Ranar da wani masinja ya shiga motar ya kwanta don gudun rana, wallahi sai da aka kai maganar gaban oga a rubuce, wai an shiga hurumin aikinsa. Mu muna dariya, amma shi har ga Allah abin ya yi masa ciwo, kuma da na girma na gane dalili.

Sai jan layi. Rajistar zuwa aiki ana ja mata jan layi in lokaci ya wuce, duk wanda ya sa hannu a ƙasan layin ya makara. Wanda ke riƙe da jan biron nan ya fi mataimakin darakta ƙarfi. In kuna shiri ya jira ka, in ba kwa shiri yana hango ka a bakin get zai ja. Daga nan sai kwiri, ka amsa a rubuce cikin awa 24, a buɗe fayil, fayil ya je teburin wani ya kwana, a kafa kwamiti. Ka ga aiki ya samu ke nan. Wannan shi ne abin da nake so ka kama, a irin wannan wuri rigimar ita ce aikin. Ranar da ba a yi faɗa ba kowa hamma yake har a tashi.

Saboda haka a labarinka ka haɗa sashen awo da sashen matsar da benci. Masu awo su ce ba a isa a taɓa benci ba sai sun gama aunawa, masu benci su ce kafin ku gama inuwa ta wuce. Masu tabbatarwa su ƙi sa hannu don ba a ba su tef nasu na kansu ba. Ranar da hadari ya rufe rana a yi ta musu, yau an yi aiki ko ba a yi ba, za a biya alawus ko ba za a biya ba.

Shi kuma saurayin naka mai digiri kar ka sa shi tona asirin kowa, ba wani asiri, kowa ya sani. Ka sa shi da kyakkyawar niyya ya ce a mitin, me zai hana a kafa rumfar kwano a ajiye bencin a ƙarƙashi a huta? Shi ke nan. Ranar za ka ga mutanen da suka shekara ba sa ga maciji sun haɗa kai.

Bazazzagi_Mai_Jiran_Alat:

Hhhh malam tela dan Allah in an fara ɗauka a hukumar nan ka sa sunana, ko sashen benci ne ina so, ƙarfi gare ni. Ku kuna dariya, mu da muka gama bautar ƙasa muka dawo muna bin inuwa kyauta a bakin titin Samaru fa? Aƙalla su ana biyansu. Ni dai in ka ƙare labarin da cewa an rufe hukumar kowa ya tafa to ban san su waye suka tafa ɗin ba, ba dai masu cefane da albashin ba.

Abu_Hanifa_Samaru:

Salam. Ni ɓangaren tattalin arziki na karanta, bari in ɗan sa baki ta nan, don ciyaman ɗinka yana da magabata manya.

Keynes, masanin tattalin arzikin nan na Ingila, a 1936 ya rubuta cewa in gwamnati ta cusa takardun kuɗi a tsofaffin kwalabe ta binne a ramukan haƙar kwal da aka daina amfani da su, ta bar mutane su je su tono, rashin aiki zai ragu. Mutane na yawan kawo wannan kamar shi aikin banza yake so, alhali a wurin ya ce gina gidaje ya fi hankali, kawai dai in an kasa yin hakan to ko binne kwalaben ya fi a zauna ba a yi komai ba, don wanda aka biya zai je kasuwa ya kashe, mai shago ya samu, manomi ya samu. Ka ga ciyaman ɗinka zai iya kare kansa da hujja, kuma labarin zai fi daɗi in hujjarsa tana da ɗan ƙarfi. Sai dai ka lura da ramin da ka haƙa da kanka: ka ce har masu shayi sun koma gwamnati. To wa zai dafa shayin? Kowa da albashi a aljihu, ba mai gasa burodi, ba mai faci, ba mai kai mara lafiya asibiti a babur. Wannan kaɗai babi ne guda.

Maganar Baba Akawu kuma akwai wanda ya taɓa lissafa ta da alƙaluma. Wani Bature Parkinson a 1955 ya duba rundunar ruwan Ingila, ya ga daga 1914 zuwa 1928 manyan jiragen yaƙinsu sun ragu daga 62 zuwa 20, amma ma'aikatan hedikwatar sun ƙaru daga 2,000 zuwa 3,569. Ofishin da ke kula da ƙasashen da suka yi wa mulkin mallaka, har da mu, ma'aikatansa 372 ne a 1935, zuwa 1954 sun kai 1,661. Bayaninsa shi ne kowane jami'i so yake a ƙara masa yara a ƙarƙashinsa ba kishiya a gefensa ba, sannan jami'ai su ke ƙirƙirar wa junansu aiki. Sashen hasashenka zai nemi a ba shi sashen duba hasashe, haka abin yake hayayyafa.

Kuma ba sai ka je Ingila ba. Ka tuna shirin nan na gwamnatin tarayya na ɗaukar mutum 774,000 aikin wucin gadi, dubu ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, naira 20,000 a wata har wata uku, share titi da yashe kwata. Tun kafin a ɗaga tsintsiya ɗaya a 2020 aka yi cacar baki tsakanin ƙaramin ministan ƙwadago na lokacin da 'yan majalisa a kan wa zai zaɓo mutanen. Rigimar ba a kan wace kwata za a yashe ba ce, a kan gurbi ne. Ka sa wannan a labarinka, kansiloli su yi ta dambe a kan unguwar wa ta fi yawan masu awo.

Wanda ya fi ba ni dariya ma shi ne na ƙididdiga. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin ɗari a ƙarshen 2020. Da aka fitar da na farkon 2023 sai ga shi kashi 4.1. Ba masana'antu aka buɗe ba, ma'aunin aka canza, da sai ka yi awa 20 a mako ake lissafa ka cikin masu abin yi, yanzu ko awa ɗaya ka yi a mako don samun kuɗi ka shiga. Su sun ce tsarin ƙasashen duniya suka bi, kuma haka ne, amma ka gaya wa Mai Jiran Alat na sama cewa a takarda wataƙila shi ma ma'aikaci ne ka ji abin da zai ce maka. Da ciyaman ɗinka ya san wannan dabarar ko tef ba sai ya saya ba.

Batun rufe hukuma kuwa, Faransa ta gwada. A 1848 gwamnati ta buɗe wuraren ba marasa aiki abin yi a Paris, mutane suka yi ta tururuwa har suka haura dubu ɗari, aikin bai isa ba, da yawa ana biyansu ne kawai suna zaune. Da aka zo rufewa a watan Yuni na shekarar sai gari ya kama da wuta, aka yi kwanaki ana faɗa a tituna, dubbai suka mutu. Ba tafi aka yi ba.

Malama_Gyallesu:

Ni kam ƙanena labarin ya burge ni amma akwai abin da ya tsaya min a rai, kuma gara in faɗa. Wa muke yi wa dariya a ciki? In masu awo da masu ɗaukar benci ne to ka sake tunani, don su ba su suka ƙirƙiro hukumar ba, an ce ga aiki sun karɓa, kamar yadda ni da kai za mu karɓa. Duk wani labarin ma'aikatan gwamnati da ake yi a garin nan a kan ƙaramin ma'aikaci yake ƙarewa, malalaci ne, zaman gulma yake, jiran wata yake. In an tashi kora ma shi ake fara kora. Wanda ya sa hannu aka ɗauki mutum ɗari a inda ake buƙatar goma yana nan, gobe ma a ba shi wani muƙamin.

Ni koyarwa nake a firamare. Ajina in kowa ya zo ba wurin taka ƙafa, wasu a ƙasa wasu a taga, ni kaɗai, ga rajista ga makin jarrabawa ga yaron da ya yi amai ga uwar da ta zo faɗa. Ƙawata ungozoma ce, ita kaɗai take kwana a ɗakin haihuwa. To a gari ɗaya ana neman hannu ido rufe a wani wuri, a wani wurin kuma mutum goma na gadin tebur ɗaya, kuma sau da yawa mai gadin teburin ya fi mu kwasar albashi da alawus. A ƙarshen 2021 aka mai da aikin gwamnati kwana huɗu a mako a jihar nan ta Kaduna, ban da Juma'a, wasu ofisoshin ba wanda ya ji bambanci, amma mara lafiya bai san Juma'a ba. In da ni ce kai zan sa makaranta a jikin katangar sakateriyar, malami ɗaya tal, yana leƙowa ta taga yana kallon mutum arba'in suna auna inuwa. Ba sai ka ce komai ba. Ya rubuta takarda a ba shi aron mutum biyu su taya shi, a amsa masa cewa hukumar ma ƙarancin ma'aikata take fama da shi. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha.

Sannan wani abu, kai da kake Rimin Tsiwa ai ka fi ni sani, rimi yana zubar da ganye da hunturu. Me hukumar za ta yi a watannin da bishiyar ta zama ƙarangwal? Ni ina ganin nan ne za a nemi ƙarin kasafi.

Dan_Rimin_Tsiwa:

Kai jama'a na gode, Allah ya saka. Baba Akawu maganar rumfar nan ta buɗe min kai, tun ɗazu nake rubutu a bayan littafin awon kwastomomi. Anti Malama malamin ya shiga, kuma zubar ganyen ma zan yi amfani da shi, ina tunanin a ba da kwangilar ɗinka ganyen leda a ɗaure a rassan, ka ga mu teloli ma mun samu. Abu Hanifa ciyaman zai yi jawabi da hujjojinka, zan bar shi ya yi gaskiya rabi. Mai Jiran Alat an ɗauke ka, amma sai ka kawo takarda daga kansila.

Saura abu ɗaya Baba. In sun haɗe wa yaron kai, korarsa za su yi ko yaya? Ina tunanin su yi masa sharri a kore shi, amma kuma kamar ya yi nauyi ga labarin dariya.

Tsohon_Akawu:

A'a ɗana, ba a kora, kora ai sai ta ja hankalin mutane. Da farko za a daina amsa masa sallama da kyau, in ya zo benci a ce an cika. Sai masu awo su kai ƙorafi ƙungiya cewa yana neman raba magidanta da abincinsu, a yi barazanar yajin aiki, ka zauna ka yi tunanin yadda yajin aikin masu auna inuwa zai kasance da wanda zai lura an shiga. Daga nan darakta zai kira shi ofis, ya ba shi lemo, ya yaba masa ƙwarai, ya ce shawararka ta kai har gaban ciyaman kuma ya ji daɗi. Sai a ƙara masa girma, a naɗa shi shugaban sabon Sashen Nazarin Yiwuwar Kafa Rumfa, a ba shi ofis da kujera mai hannu da mutum shida a ƙarƙashinsa, a ce ya kawo rahoto in ya kammala, ba gaggawa. Wata na farko zai yi ta zirga-zirga yana tambayar farashin kwano a kasuwa. Kafin shekara ya yi aure, an haihu, ya ci bashin babur za a riƙa cira daga albashi. Ka kawo wani sabon yaro ya tambaye shi, oga wai yaushe za a kafa rumfar nan ne, ka ga irin kallon da zai yi masa.

Kuma kar ka manta ka ba shi makulli. In ka gama ka turo mu karanta, amma ka ƙara girman rubutun, idona ba kamar da ba.